SAWAKIN: Tsohuwar Ƙofar Alhazai A Gaɓar Bahar Maliya

A gidaje da yawa na ƙasar Hausa da Barno, har gobe ana ba da labarin wani kaka ko kakan kaka wanda ya ɗauki sandarsa da butarsa ya nufi gabas da niyyar sauke farali, ya yi shekara biyar ko bakwai kafin ya komo, ko kuwa ma ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. In aka bi sawun irin waɗannan bayin Allah, za a tarar da yawansu sawunsu ya tuƙe ne a wuri guda, watau Sawakin, wani tsohon gari da ke gaɓar Bahar Maliya cikin ƙasar Sudan. A nan ƙasar Afirka take ƙarewa ga mai tafiya Makka. Daga nan sai ruwa, sai Jidda.

Wannan gari ya yi shekaru aru-aru yana cikin manyan tashoshin jiragen ruwa na gabashin Afirka, kuma gidajensa na bene da aka gina da dutsen murjani sun sha yabo a bakin matafiya. A yau kuwa mafi yawan waɗannan gidaje sun zama tsibin duwatsu. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, Sawakin ta ga jiragen yaƙi na Turawan Fotugal, ta sha kewayewar mayaƙan Mahadi shekara da shekaru, duk ta tsira da ganuwarta. Abin da ya kayar da ita daga bisani shi ne sauyin hanya da rashin mai kula.

INDA GARIN YAKE

Sawakin tana kudu da Fot Sudan, wadda Larabawa ke kira Bur Sudan, da tazarar kilomita 50 da 'yan kai. Allah ya yi wa wurin wata irin halitta mai ban sha'awa. Daga teku akwai wani siririn mashigi da ya ratsa tsakanin duwatsun murjani ya kutsa cikin ƙasa, sa'an nan ya buɗe ya zama kamar tafki. A tsakiyar wannan tafki akwai wani ɗan tsibiri kewayayye kamar faifai, wanda faɗinsa bai kai kilomita ɗaya ba. A kan tsibirin nan aka gina tsohon gari. Jirgin da ya shigo ciki ya tsira daga iska da igiyar ruwa, kuma yana iya matsowa har gindin gidan mai kaya a sauke masa hajarsa.

Daura da tsibirin, a kan tudu, akwai ɗaya ɓangaren garin da ake kira Algaif. Nan ne kasuwa da zangon raƙuma, nan ne kuma mazaunin 'yan ƙasa, watau ƙabilun Beja, waɗanda Hadandawa suke cikinsu. Daga yamma kuwa tsaunukan Bahar Maliya ne suka yi wa garin katanga, sai an hau su an gangara kafin a kama hanyar Kogin Nilu.

Game da sunan garin akwai maganganu iri iri. Mutanen Beja suna kiransa da wani suna na harshensu mai ma'anar kasuwa. Masu ba da labarun gargajiya kuwa cewa suke yi asalin kalmar daga Larabci ne mai nufin kurkuku, wai a tsibirin ne Annabi Sulaimanu yake tsare kangararrun aljanu. Saboda wannan magana, har yanzu akwai masu ɗari-ɗari da manyan kyanwoyin da ke yawo cikin kufan garin, suna cewa ba a san ko wace ce kyanwa, wace ce mutanen ɓoye ba.

ZAMANIN FATAKE

Tun cikin ƙarni na 10 marubutan Larabawa suka ambaci Sawakin a matsayin gari sananne. Amma a wancan zamani wata tasha ce mai suna Aizab, can arewa wajen iyakar Masar, take riƙe da yawancin cinikin wannan gaɓa da kuma jigilar alhazai. Duk da haka arzikin Sawakin ya kai har sarakunan Alkahira su sa mata ido. A wajajen 1265 Sarkin Masar Baibars ya aiko da yaƙi ya kori mai mulkin garin, saboda ƙarar da aka kai cewa yana cinye dukiyar fataken da suka mutu a hanya.

Shahararren matafiyin nan Ibn Baɗɗuɗa, wanda daga baya ya zo har Takadda a ƙasar Nijar ta yanzu, ya sauka a Sawakin wajajen 1330. Ya tarar da tsibirin ba ruwan sha, ba gona, ba itace, sai dai a kawo ruwa cikin kwalekwale ko a tara na sama. Ya kuma tarar mai sarautar garin ɗan Sharifin Makka ne, wanda ya sami sarautar ta wajen kawunnansa na Beja. Wannan ya nuna yadda garin yake tun asali: ƙafa ɗaya a Afirka, ɗaya a Hijaz.

Da aka rushe Aizab a wajajen 1426, sai harkar ciniki ta juyo Sawakin gaba ɗaya. Ayarin raƙuma kan taso daga Barbar da Shandi a bakin Nilu, da Sinnar hedkwatar daular Funj, da ƙasar Habasha, ɗauke da zinariya da hauren giwa da ƙaro da gashin jimina da fatu da dawa da man shanu. Jirage kuwa su kawo tufafi da kayan yaji da turare daga Indiya da Yaman, da kayan ƙarau daga Masar. Akwai kuma wata haja da ba a faɗarta da daɗin baki, watau bayi. Wani Bature ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Burckhardt, wanda ya zauna a garin cikin 1814, ya ƙiyasta cewa bayi dubu biyu zuwa dubu uku ake kawowa Sawakin kowace shekara don a ƙetare da su. Wani sashe na arzikin da ya gina benayen nan daga hawayen waɗannan mutane ya fito.

TURKAWA DA TURAWAN FOTUGAL

Bayan da Turkawa suka ci Masar cikin 1517, Sawakin ta shiga ƙarƙashin tutarsu. A daidai wannan lokaci ne Turawan Fotugal, waɗanda suka gano hanyar zuwa Indiya ta kudancin Afirka, suke ƙoƙarin toshe cinikin Bahar Maliya. Cikin 1541 rundunar jiragensu ta shigo Sawakin ta yi ɓarna. Ɗaya daga cikin hafsoshin rundunar, Dom Joao de Castro, ya rubuta bayanin garin, inda ya lissafa shi cikin birane mafi arziki na gabas, har ya gwada cinkoson jiragensa da na Lisbon, babban birnin ƙasarsu.

Cikin 1555 Turkawa suka kafa wani lardi da suka kira Habash, suka ajiye Basha a Sawakin. Tun daga nan aka sami wani tsari wanda ya daɗe: Turkawa suna riƙe da tsibiri da kuɗin fito, shugabannin 'yan ƙasa suna riƙe da Algaif da hanyoyin ayari, kowa ya san ba zai ci ba sai da ɗan'uwansa. Sai dai kuma yayin da jiragen Turawa suka riƙa kwashe cinikin Indiya ta wata hanya, kasuwar Bahar Maliya ta yi sanyi cikin ƙarni na 17 da na 18. Lokacin da Burckhardt ya zo, ya tarar da gidaje masu yawa a tsibirin sun riga sun zube.

GININ MURJANI

Abin da ya fi fitar da sunan Sawakin a wurin masana gine-gine shi ne irin ginin gidajenta. Babu dutsen kirki a kusa, saboda haka magina suka koma ga teku. Murjani wata halitta ce ta cikin ruwa wadda take taruwa shekaru da yawa har ta sandare ta zama dutse. Shi ake fasowa a sassaƙa shi kamar tubali, a jera, a riƙa sa katako a tsakanin sahu don ya ɗaure bangon, a ƙona wani murjanin a sami farar ƙasa a yaɓe ginin ciki da waje. Mai zuwa daga teku yakan hangi garin fari fat, kamar an kifa ƙwaryar nono a tsakiyar ruwa.

Gidajen attajirai hawa biyu ne ko uku. A ƙasa akwai zauren baƙi da ɗakin ajiyar haja, a sama kuwa iyali. Kowane babban ɗaki yana da wata irin taga ta katako mai suna roshan, wadda take turowa waje daga jikin bango, an yi mata sassaƙa da ƙananan ƙofofi. Matan gida kan zauna cikinta su sha iska su ga titi ba tare da an gan su ba, kuma a nan ake ajiye tulun ruwa ya yi sanyi. Katakon da ake yin ta da shi daga Indiya da tsibiran Jawa jirage suke kawo shi. Wanda ya taɓa shiga tsohuwar unguwar Jidda ya ga irin wannan gini, domin salon guda ne a garuruwan gaɓar Bahar Maliya.

Amma ginin murjani yana da sharaɗi, irin wanda duk mai gidan ƙasa ya sani. Dutsen yana da ƙofofi kamar soso, yana shan laima da gishirin iskar teku. Muddin ana sabunta yaɓe ana toshe tsaga, gida yakan yi shekaru ɗaruruwa. Ranar da aka daina kuwa, ruwa zai shiga, katakon ɗauri ya ruɓe, bango ya buɗe. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

MULKIN MASAR DA YAƘIN USMAN DIGNA

Cikin 1865 Sarkin Turkawa ya miƙa Sawakin ga Khedive Isma'ilu na Masar, kuma bayan shekara huɗu, cikin 1869, aka buɗe mashigin Suwez. Nan da nan Bahar Maliya ta zama babbar hanyar jirage tsakanin Turai da Indiya, garin ya sake farfaɗowa. Aka gina ofisoshin gwamnati da gidan kwastan, fatake daga Masar da Sham da Indiya da Girka suka buɗe kantuna. Cikin 1877 Janar Gordon, wanda yake Gwamna Janar na Sudan, ya sa aka yi gadar ƙasa da ta haɗa tsibirin da Algaif. Cikin 1881 wani attajiri, Shinnawi Bey, ya gama gina wani katafaren masaukin fatake wanda ake cewa yawan ɗakunansa ya kai yawan kwanakin shekara.

Ana cikin wannan hali sai Muhammadu Ahmad ya bayyana a bakin Nilu ya ce shi ne Mahadi. Cikin waɗanda suka yi masa mubaya'a akwai wani falke ɗan Sawakin mai suna Usman Digna, wanda hukuma ta karya masa jari sa'ad da aka kama jiragen danginsa da bayi. Cikin 1883 Mahadi ya naɗa shi amirin gabas, Hadandawa suka bi shi. A watan Fabrairu na 1884, a wani wuri da ake kira Attaib, mayaƙansa masu takobi da mashi suka tarwatsa rundunar Masar ta mutum wajen 3,500 a ƙarƙashin Baker Basha, suka kashe fiye da rabinta. Ingila ta aiko da sojanta a ƙarƙashin Janar Graham. A yaƙin Tamai, ran 13 ga Maris na 1884, Hadandawa suka fasa sahun nan mai kusurwa huɗu da sojan Ingila suke taƙama da shi, ko da yake daga ƙarshe bindiga ta rinjayi mashi.

Cikin 1885 Ingilishi suka sake tara runduna a Sawakin, har da sojoji daga Indiya da Ostireliya, suka fara shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa Barbar. Ba su wuce kilomita 30 da wani abu ba suka watsar da aikin. Daga nan sai suka koma tsaron gari. Kitchener, wanda ya yi gwamna a wurin daga 1886 zuwa 1888, ya kewaye Algaif da ganuwa da ƙananan sansanoni, shi kansa kuwa ya sami rauni a muƙamuƙi a wata arangama da mutanen Usman Digna cikin 1888. Hartum ta faɗi cikin 1885, garuruwan Sudan suka bi ɗaya bayan ɗaya, amma Sawakin ba ta taɓa shiga hannun Mahadiyya ba. Shi kuwa Usman Digna sai cikin 1900 aka kama shi. Ya yi sauran rayuwarsa a tsare, aka bar shi ya yi aikin hajji cikin 1924, ya rasu a Wadi Halfa cikin 1926.

YADDA AKA JUYA WA GARIN BAYA

Da ƙura ta lafa, sabuwar gwamnatin haɗin gwiwa ta Ingila da Masar ta shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Atbara zuwa bakin teku, ta iso Sawakin cikin 1905. Mutanen gari suka ɗauka kakarsu ta yanke saƙa. Ashe injiniyoyi sun riga sun yanke wani hukunci dabam. Mashigin nan siriri, wanda ya kare jiragen filafilai shekaru ɗaruruwa, ya yi wa manyan jiragen tururi ƙunci, ga murjani yana ƙara tsuke shi, ga tsibirin ba filin da za a gina rumbunan ajiya. Saboda haka aka zaɓi wani wuri a arewa mai suna Marsa Shaihu Bargut, mai zurfin ruwa da faɗin baki, aka fara gina sabuwar tasha cikin 1905, aka yi bikin buɗe ta cikin 1909. Ita ce Fot Sudan.

Ba wanda ya kori kowa daga Sawakin. Kwastan ne ya tashi, banki ya bi shi, kamfanoni suka bi banki, kafin 1922 manyan 'yan kasuwa sun ƙaura. Masu gidaje suka kulle ƙofofinsu suka tafi da mabuɗai. Da iyaye suka mutu, gida ɗaya ya zama na magada masu yawa da suka warwatsu a Fot Sudan da Hartum da Jidda da Alkahira, ba mai ikon sayarwa, ba mai ɗaukar nauyin yaɓe. Kowace damina sai wani bene ya zauna. Wani malamin zane mai suna Jean-Pierre Greenlaw, wanda ya koyar a Hartum, ya auna gidajen ya zana su tun da sauransu a tsaye, aka buga littafinsa kan gine-ginen murjani na Sawakin cikin 1976. Yawancin abin da ya zana yanzu a cikin littafin kaɗai ake ganinsa.

HANYAR ALHAZAI

Harka guda ce ta hana garin mutuwa murus, ita ce jigilar alhazai. Gwamnatin Sudan ta bar wurin killace mahajjata a Sawakin, inda ake duba lafiyarsu a yi musu lamba kafin su ƙetare, a kuma tsare su 'yan kwanaki in sun komo, don gudun kwalara da agana. A nan ne tarihin garin ya haɗu da na mutanen ƙasar nan.

Tun cikin 1814 Burckhardt ya yi tafiya tare da mahajjatan Afirka ta Yamma, waɗanda ake kira Takari, daga Shandi zuwa Sawakin. Ya bayyana guzurinsu: jakar fata, da allo, da 'yar tawada ta duma, da ƙwarya, da butar alwala, da tazbaha, da 'yan takardun Alƙur'ani. Da rubutu da ƙwadago suke ci da kansu a hanya. Bayan da Turawa suka ci daular Sakkwato, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi cikin 1903, jama'a mai yawa ta yi hijira gabas tare da ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Wannan gari ya zama zango ga masu biyo baya.

Hanyar da aka fi bi ita ce daga Kano zuwa Maiduguri, a shiga Chadi ta Fot Lami, wadda yanzu ake kira Njamena, a wuce Abeshe, a shiga Sudan ta Junaina, a ratsa Darfur zuwa Al'ubayyid, inda jirgin ƙasa ya iso tun 1912. Wanda guzurinsa ya ƙare sai ya tsaya ya nema. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira cikin 1925, dubban Hausawa da Fulani da Barebari suka riƙa yin kaka ɗaya ko biyu suna tsinkar auduga don su tara kuɗin jirgi. Waɗansu kakar nan ɗaya ta zama shekara ashirin, suka yi aure suka hayayyafa. Zuriyarsu ce take zaune yau a Jazira da Gadarif da Kasala da Fot Sudan, 'yan ƙasar Sudan ne, amma Hausa tana nan a bakinsu.

Wanda ya isa Sawakin ba kuɗin killacewa da na jirgi yakan faɗa hannun masu ƙananan jiragen filafilai da ake kira sambuk, waɗanda suke ƙetarar da mutane da dare a ɓoye. Akwai waɗanda teku ta ci, akwai waɗanda aka zubar a gaɓar da ba ruwan sha, akwai kuma waɗanda aka raba da 'ya'yansu aka sayar. Abin ya fara sauƙi ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Cikin 1948 waɗansu attajiran Kano, cikinsu har da Alhaji Haruna Kassim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta Afirka ta Yamma, aka shiga ɗaukar mutane a manyan motoci. Daga shekarun 1950 kuwa jirgin sama ya fara tashi da alhazai daga Kano, tafiyar shekaru ta koma ta sa'o'i, sunan Sawakin ya fara ɓacewa daga bakin jama'a.

ABUBUWAN KALLO

Duk da halin da garin ya shiga, wanda ya je ba zai ce ya yi asarar tafiya ba. Mai zuwa daga Fot Sudan zai fara cin karo da Ƙofar Kitchener, ragowar ganuwar 1886. Daga nan sai ya ratsa kasuwar Algaif, inda zai ga mutanen Beja da fararen tufafi da 'yar shara, waɗansu da takobi a kafaɗa, suna zaune ana dafa musu gahawa da citta a cikin ɗan tulun ƙasa da ake kira jabana. A nan ɓangaren ne masaukin Shinnawi yake, da masallacinsa, da masallacin Tajussir na ɗarikar Khatmiyya.

In ya hau gadar Gordon ya shiga ta ƙofar tsibirin, zai ga masallatai biyu masu tarihi, na Hanafiyya da na Shafi'iyya, kowanne da hasumiyarsa. Kasancewarsu kusa da juna shaida ce ta irin jama'ar da ta zauna a wurin, domin Turkawa Hanafawa ne, yawancin fataken Hijaz da Yaman da Masar kuwa Shafi'awa. Akwai gidan kwastan a bakin ruwa, da ragowar gidan gwamna, da bangayen bankin Masar, da kufan gidan Khurshid Afandi wanda zaurensa ya yi suna wajen ado. A bakin gaɓa masunta suna nan da jiragensu na katako masu fenti, kuma ana soya wa baƙo kifin da aka kamo a ranar.

A kan tsaunuka kudu maso yamma da garin akwai Arkawit, wurin shan iska mai tsawon fiye da mita 1,000 daga teku, inda kabarin Usman Digna yake. Kusa da nan garin Sinkat ne, inda mabiya Khatmiyya suke taruwa kowace shekara don tunawa da Sharifiya Maryam. Masu sha'awar abin da ke ƙarƙashin ruwa kuwa sukan nufi Sanganib, wajen Fot Sudan, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren gadon duniya cikin 2016 saboda murjaninsa da kifayensa. Lokacin da ya fi dacewa da ziyara shi ne daga Nuwamba zuwa Maris, domin da bazara zafin wurin yakan wuce awo 40.

ƘOƘARIN GYARA

Cikin 1991 gwamnatin Sudan ta buɗe sabuwar tasha a bakin mashigin, ta sa mata sunan Usman Digna. Daga nan jiragen fasinja suke tashi zuwa Jidda, tafiyar kimanin kilomita 300 wadda ake yi a dare ɗaya, kuma ta nan ake fitar da tumaki da raƙuma zuwa Saudiyya. Girman wannan ciniki ya fito fili a watan Yuni na 2022, sa'ad da wani jirgi da aka yi wa lodi fiye da kima ya nutse a tashar da tumaki 15,800.

Shi kuwa tsohon gari, tun 1994 Sudan ta sa shi cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su. Hukumar raya ƙasashe ta Turkiyya ta gyara masallatan nan biyu da gidan kwastan. A watan Disamba na 2017 Shugaba Erdogan ya ziyarci tsibirin tare da Shugaba Umar Albashir, aka sanar da cewa an damƙa wa Turkiyya aikin sake gina shi, abin da ya tayar da hankalin Masar da Saudiyya don zaton sansanin soja ake shirin kafawa. Cikin Maris na 2018 aka sa hannu da ƙasar Katar kan yarjejeniyar dala biliyan 4 don faɗaɗa tashar. Sai ga shi an tumɓuke Albashir cikin Afrilu na 2019, sa'an nan yaƙi ya ɓarke a Hartum ran 15 ga Afrilu na 2023, waɗannan manyan shirye-shirye suka yi sanyi. A makonnin farko na yaƙin, ɗaruruwan ɗaliban Nijeriya sun bi hanyar gabas zuwa Fot Sudan, inda aka kwaso su a jirgin sama, watau sun bi sawun kakanninsu ne a juye.

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ganuwar Kano da ta Zariya da ta Katsina, da tsofaffin soraye na cikin birane, su ma sharaɗinsu ɗaya da na gidajen murjani: yaɓe kowace shekara, da wanda zai ce nawa ne. Ma'aikatan da ke riƙe da fayil ɗin kayan tarihi sun san cewa kuɗin yaɓe bai kai kuɗin tayar da abin da ya riga ya zube ba. Su kuma ɗalibai akwai aikin da ba ya bukatar kasafin gwamnati. A cikin akwatunan gidaje da yawa akwai tsofaffin fasfo na aikin hajji masu hatimin Junaina da Sawakin, kuma akwai sauran tsofaffi ƙalilan da suka hau motocin 1950 suka kwana a wurin killacewa. Ya kamata a zauna da su a rubuta abin da suka gani, da sunayen zangunan da suka sauka, da na 'yan'uwan da suka bari a hanya, tun suna da rai.